Foundry da masu zuba jari mai zaman kansa

Foundry kamfani ne da ke Landan, wanda aka kafa a 1996, yana ƙera manhajojin da ake haɗa siddabarun fim da su. Fitacciyar manhajarsa ita ce Nuke, wadda ke ɗora hoton kwamfuta a kan wanda kyamara ta ɗauka, har mai kallo ya kasa gane inda aka haɗa su.

Kamfanin ya sha sauya hannu tsakanin kamfanonin da sana'arsu ita ce tara kuɗin manyan masu jari, su sayi kamfani, su bunƙasa shi na 'yan shekaru, sannan su sayar da riba. A 2009 shugabanninsa suka saye shi da tallafin Advent Venture Partners. Carlyle Group ta Amurka ta karɓe shi a 2011, ta sayar wa HgCapital a 2015 kan fam miliyan 200. Abin da ke jan hankalin irin waɗannan masu jari shi ne kuɗin lasisi da ke shigowa duk shekara, domin ɗakin haɗa fim da ma'aikatansa suka ƙware a kan manhaja ɗaya ba ya saurin barinta.

A 2019 Roper Technologies, wanda hannayen jarinsa ke kasuwa, ya sayi Foundry kan fam miliyan 410.