Kyanwoyin da ke yawo a unguwa: bayani kan amfaninsu da haɗarinsu

A garuruwan manoma irin su Sanyinna da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, da ƙauyukan Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, da wuya a sami unguwar da babu kyanwoyin da ke tsallaka katanga daga wannan gida zuwa wancan.

Akasarinsu ba su da takamaiman mai su. Sakkwatawa na kiran dabbar mussa, wasu su ce mage ko kyanwa, namijin kuwa muzuru.

Ƙorafin da aka fi yi a kansu shi ne ɗauke 'yan tsaki da 'yan shila, da satar kifi ko naman da aka shanya, da kashi a cikin yashi, da kuma kukan barbara da tsakar dare.

Dalilin taruwarsu

Abinci ne ke tara kyanwoyi a wuri. Inda duk akwai rumbun gero ko dawa akwai ɓera, inda kuma akwai ɓera da juji da sauran tuwon dare, kyanwa za ta zo ko ba a gayyace ta ba.

Wannan alaƙa tsohuwa ce. Masana sun ce kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta kusanci mutane lokacin da suka fara adana hatsi. A shekarar 2004 aka bayyana gano wani kabari mai kimanin shekaru 9,500 a tsibirin Cyprus, inda aka binne mutum tare da kyanwa.

Ga kuma saurin haihuwa. Macen kan iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kan ɗauki kimanin kwanaki 63 zuwa 65, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara.

Shi ya sa dabarar da aka saba da ita, wato a jefa kyanwa cikin buhu a kai ta bayan gari, ba ta cika biyan buƙata ba. Wani lokaci takan dawo da ƙafarta. Idan ma ba ta dawo ba, muddin abincin na nan, wata ce za ta maye gurbinta.

Sanya guba ya fi wannan muni, domin kaji da awaki, har ma da yara masu rarrafe, na iya riga kyanwar kaiwa ga abincin da aka barbaɗa wa gubar.

Batun ɓeraye

Kafin magidanci ya ƙuduri aniyar raba gidansa da kyanwa, ya kamata ya tuna da abin da take tsarewa.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta hanyar fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga ɗakuna da rumbuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha sanya ajiye kyanwa cikin shawarwarinta na rigakafi, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida.

Sai dai kyanwa ita kaɗai ba ta wadatarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gidajen karkara a Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ya gano cewa ɓeraye sun fi rage zirga-zirga ne a gidajen da ke da kyanwa da kare a haɗe. Toshe ramuka da gyara murfin rumbu na nan a wuyan mai gida.

Cizo da yakushi

Babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana hallaka kimanin mutane 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya.

Kusan duka daga karnuka ake ɗaukarsa, amma kyanwa ma na iya kamuwa ta kuma yaɗa shi. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu.

Wanda kyanwar da ba a san ta ba ta ciza ko ta yakusa har fata ta tsage, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar domin allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne.

Kashin kyanwa kuma na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai haɗari sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, don haka kwashe shi kullum na da amfani, amma kada a bar wa mai juna biyu aikin.

Addini da hanyoyin zamani

A Musulunci kyanwa dabba ce mai tsarki, kuma malaman Malikiyya na ganin ruwan da ta sha ta rage bai zama najasa ba. Sanannen hadisi ne kuma cewa an azabtar da wata mata saboda ta ɗaure kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

A wasu ƙasashe akan kama kyanwoyin titi, a yi musu tiyatar hana haihuwa da allurar haukan kare, a ɗan yanke kan kunne domin shaida, sannan a mayar da su inda aka kamo su. Turkiyya ta sanya wannan tsari cikin dokarta ta kare dabbobi a 2004. Malamai sun yi saɓani kan fiɗiye dabba, wasunsu sun halatta idan akwai maslaha.

A jihar Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma tafiya ce da ba kowane magidancin Sanyinna zai yi saboda muzuru ba.

Abin da ya fi sauƙi a ƙauye shi ne a rufe 'yan tsaki a akurki da dare, a kife sauran abinci, a lulluɓe tarin yashi, a kuma tuntuɓi malaman dabbobi na ƙaramar hukuma kan allurar haukan kare, wadda ake iya yi wa kyanwa tun tana wata uku.