Ƙofar Aji Biyu: Tafiyar Mai Difloma Zuwa Jami'a a Najeriya

Bara da damina ɗan yayata ya iso gidana bayan la'asar, riƙe da baƙar leda da ya naɗe takardunsa a ciki saboda ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro takardar diflomarsa ta injiniyan lantarki ya miƙo. Makinsa 2.94. Ya ce, "Kawu, sun ce Lowa ba ta shiga sashensu, sai Ofa." Abin da ya fi ci masa rai shi ne abokinsa da suka zauna benci ɗaya shekara biyu, wanda makinsa bai ma kai nasa ba, wata jami'ar ta ɗauke shi aji biyu ba tare da wata ja-in-ja ba. Na rasa amsar da zan ba shi. Daga baya na gane cewa amsar tana cikin tarihin ƙofar da yake ƙwanƙwasawa, wadda ɗalibai ke kira DE, wato shiga jami'a kai tsaye ba tare da an yi ajin farko ba.

Asali ba don mai difloma aka buɗe wannan ƙofa ba. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, tsarin Ingila aka bi. Ɗalibin da ya gama sakandare ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci jarrabawar HSC ko babbar GCE, shi ne ake wa kallon cikakken ɗan jami'a, kuma shekara uku ta ishe shi digiri. Wanda bai da wannan takarda sai ya zauna jarrabawar alfarma, in ya ci ya fara da shekarar share fage. Wato a wancan zamani shiga kai tsaye ita ce babbar ƙofar gida, ɗayar kuwa ta rangwame ce. Ma'aunin ma a fayyace yake: darussa biyu ko uku, jarrabawa ɗaya, maki ɗaya da kowa ya san ma'anarsa daga Legas har Landan.

A Arewa makarantun da ke da aji shida ba su da yawa. In ka cire irin su Barewa a Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi da wasu tsiraru, sauran ɗalibai daga aji biyar suke kama aiki. Shi ya sa da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta tarar da ajujuwa sun fi ɗaliban da suka cancanta yawa, dole ta nemi wasu hanyoyin. Ta buɗe makarantar share fage tata, sannan a 1976 aka kafa jarrabawar IJMB a ƙarƙashin kulawarta, wadda har yau take kai dubban yara aji biyu.

Akwai kuma wasu mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa tun kafin nan, kuma su ne suka fi jan hankalina. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta girmi jami'ar kanta, ta daɗe tana horar da akawuna da ma'aikatan En'e da na kotuna. Da ta zama ɓangaren jami'a, diflomominta na shari'a da mulki da akanta suka zama tsani. Magatakardan kotu mai mata da 'ya'ya ya zo ya yi difloma, ya koma bakin aiki, bayan 'yan shekaru ya dawo ya ɗora digiri. Haka malaman makaranta. Rahoton Ashby na 1960 ya share fagen kafa manyan kwalejojin horon malamai, aka buɗe ta Zariya a 1962, ta Kano ta biyo baya, takardar NCE ta shekara uku ta samu. Malamin da ya fara da Gireti Tu, ya yi NCE, ya shiga tsangayar ilimi a aji biyu, ba baƙon labari ba ne a kowane gari na Arewa. Da yawa daga cikin alƙalai da shugabannin makarantu da manyan sakatarorin da suka riƙe jihohinmu ta wannan tsani suka hau, mataki bayan mataki, suna aiki suna karatu. Duk wanda ke raina difloma ya tuna da wannan.

Ta ɓangaren fasaha, Kwalejin Yaba a Legas da ta Kaduna, wadda ta fara a 1956 ta zama foliteknik a 1968, sun riƙa yaye masu ƙaramar difloma da babba. A 1977 aka kafa hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna domin daidaita karatunsu: shekara biyu ND, shekara ɗaya a masana'anta ko ma'aikata, shekara biyu HND. Niyyar masu tsarin ita ce wannan hanya ta tsaya da ƙafarta, ba ta buƙatar jami'a. Tsarin albashin gwamnati ne ya karya wannan niyya. Aka riƙa ɗaukar mai digiri a mataki na 8, mai HND a ƙasa da shi, aka kuma sa masa rufin da ba ya wucewa komai ƙwarewarsa. Mutum kuwa ba ya zama inda aka ce masa nan ne iyakarka. Sai masu difloma suka juya suka fuskanci jami'a.

A 1978 aka kafa JAMB, fom ɗin DE ya koma hannunta, a 1989 kuma doka ta ƙara mata kwalejojin fasaha da na ilimi. A tsakanin nan tsarin 6-3-3-4 ya shigo, aji shida ya mutu a makarantun gwamnati, digiri ya zama shekara huɗu ga wanda ya fito daga sakandare. Nan al'amarin ya kife. Ƙofar da ta kasance ta rangwame ta zama babbar hanya, ta kai tsaye kuma ta tsuke ta zama 'yar ƙofar gefe mai guraben da ba su taka kara sun karya ba. Masu HSC da aka gina ta dominsu suka ɓace, masu difloma da NCE da IJMB suka gaje ta.

Sun gaji ƙofar, amma ba a sassaƙa musu mudu ba. JAMB tana sayar da fom tana buga littafin sharuɗɗa, amma majalisar kowace jami'a ce ke yanke abin da sashenta zai karɓa. Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne: kiredit biyar na sakandare har da Turanci, a zama bai fi biyu ba, da kuma difloma a fannin da ya dace daga makarantar da aka amince da ita. Daga nan kowa da kiɗansa. A ma'aunin foliteknik 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, 3.00 zuwa 3.49 Ofa, 2.50 zuwa 2.99 Lowa. Wata jami'ar Ofa take so, wata ta karɓi Lowa, wani sashen ya ce ba ya karɓar ND kwata-kwata. Mai HND, wanda ya shafe shekara biyar tsakanin aji da masana'anta, wani wuri a sa shi aji uku, wani wuri a zaunar da shi aji biyu kafaɗa da kafaɗa da wanda ya yi IJMB na shekara guda. Kalmar "fannin da ya dace" ma ta isa ta hana mutum barci, domin shugaban sashe ne ke fassara ta, kuma shugabannin sashe suna canzawa.

Ban ce a hana jami'a zaɓen ɗalibanta ba. Malaman injiniya suna da hujja in suka ce lissafin ND bai kai zurfin na ajin farko ba, na kuma ga ɗan DE yana gumi a darasin da sauran suka sami tushensa tun bara. Amma na ga ɗaya fuskar ma. Ranar da aka shiga ɗakin gwaji, yaran da ke kiransa "Dattijo" su ne suka kewaye shi, domin shi kaɗai ya taɓa haɗa wayar injin da hannunsa. Ya shigo ya tarar kowa ya riga ya yi abokai, an ɗora masa darussan gama-gari na ajin farko a kan nasa, yana kuma ƙirga shekarunsa kada ya haura 30 kafin ya gama a ce ya wuce bautar ƙasa. Babu wanda ya zauna ya auna abin da ya karanta darasi bayan darasi a yafe masa abin da ya riga ya sani. Sunan takardarsa kawai aka duba.

Jami'o'in ma sun taimaka wajen dagula ruwan. Da kuɗi suka yi ƙaranci, diflomar jami'a ta zama hanyar samun kuɗin shiga, aka cika ɗakuna da ɗaliban da ke biya da fatan za a tsallakar da su aji biyu, guraben kuwa ba su kai ko kusa da yawansu ba. A 2016 hukumar NUC mai kula da jami'o'i, a ƙarƙashin Farfesa Abubakar Rasheed, ta umarci jami'o'i su bar wa kwalejojin fasaha harkar ƙaramar difloma. Kafin nan jami'o'in da Jami'ar Legas ke jagoranta sun riga sun kafa JUPEB, takwarar IJMB, hanyoyin shiga aji biyu suka ƙara yawa.

Inda hanya ta yi yawa kuma babu mai gadi, ɓarawo ba ya rasa shiga. Bayan Farfesa Is-haq Oloyede ya karɓi JAMB a 2016, ya kawo manhajar CAPS a 2017 domin duk wani gurbi ya bi ta idon hukumar. Sai ɓarnar ta fito fili. JAMB ta bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta tantance sakamako 148 na masu neman DE, 6 kacal ta samu na gaskiya, 142 jabu ne. A 2023 hukumar ta taƙaita takardun da take karɓa zuwa iri 13, ta ce rajistar DE sai a ofisoshinta, kuma ba a ba kowa gurbi sai makarantar da ta ba shi takarda ta tabbatar da ita. Wannan mataki daidai ne, kuma Bayero ta cancanci yabo da ta bincika. Sai dai wanda ke shan wahalarsa sau da yawa mai gaskiya ne. Ɗalibin da kwalejinsa ta ɗauke shi ta bayan fage ba ta sanar da JAMB ba, ko ta yi watanni ba ta amsa wasiƙar tantancewa ba, shi ke asarar shekara, alhali ya biya kuɗin makaranta ya kuma ci jarrabawarsa da guminsa.

Tushen matsalar ma yana nan. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri, bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba. A 2023 NBTE ta fito da shirin shekara ɗaya da zai mai da HND digiri ta hanyar jami'o'in waje, NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba. Hukumomi biyu na ma'aikata ɗaya suna jayayya a jarida, ɗalibi yana tsakiya da ledar takardunsa. Masu NCE ne kaɗai suka ga ɗan haske, da dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu.

Ɗan yayata ya sake yankan fom bana, ya zaɓi jami'ar da ke karɓar Lowa, mai nisan kwana guda a mota daga gida. Roƙona ga NUC da NBTE da JAMB da NCCE mai kula da kwalejojin ilimi shi ne su zauna teburi ɗaya su fitar da ma'auni guda a rubuce: wace difloma, da wane maki, ke kai mutum wane aji, kuma waɗanne darussa za a yafe masa. A buga shi inda kowane uba zai gani kafin ya biya wa ɗansa kuɗin foliteknik, a kuma sa wa kowace kwaleji wa'adin amsa wasiƙar tantancewa, in ta saɓa hukuncin ya hau kanta, ba kan ɗalibi ba.