Daga Igiyar Malami Zuwa Kwamfuta: Asalin Koyon Tuƙin Ƙaramin Jirgi a Cikin Ɗaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili ya ga ana tashin ƙananan jiragen saman nan da ake sarrafawa da rediyo, waɗanda faɗin fukafukansu bai fi a rungume da hannu biyu ba, lalle ya lura cewa mai tuƙin yana ƙasa ne, riƙe da wani akwati mai 'yan sanduna biyu, alhali jirgin yana can sama yana bin umarnin yatsunsa. A wannan rabuwa tsakanin matuƙi da jirginsa ne dukkan mushkilar fannin take, domin matuƙin babban jirgi yana zaune a cikinsa, damarsa ita ce damar jirgin, amma na ƙasa, da zarar jirgi ya juyo ya fuskance shi, sai hagu ta koma dama, dama ta koma hagu, kuma kafin hankalinsa ya warware wannan mas'ala sau da yawa jirgin da ya shafe watanni yana haɗawa ya riga ya daki ƙasa ya tarwatse. Daga wannan hasara ce buƙatar haɗa akwatin linzami da kwamfuta ta samo asali.

Sarrafa abu daga nesa da rediyo ya girmi jirgin sama kansa, gama a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan kwalekwale a birnin New York yana juya shi ba tare da waya ba. Sai a 1937 wasu tagwaye 'yan jihar Michigan ta Amurka, Walter da William Good, suka tashi jirginsu mai suna Guff, wanda har yanzu yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 1929 Edwin Link, ɗan mai masana'antar kayan kiɗa a garin Binghamton, ya yi amfani da zugazugan da ake sa wa molon coci ya ƙera wani akwati da ɗalibi zai shiga ya koyi tuƙin jirgi ba tare da ya bar ƙasa ba, aka kuma horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan hikimomi biyu sun daɗe kowacce tana bin tafarkinta kafin su haɗu.

Akwatunan linzami na farko ba su san komai ba sai kunnawa da kashewa: a danna, wutsiyar jirgi ta karkata gaba ɗaya, a saki, ta dawo. A farkon shekarun 1960 ne wasu injiniyoyi biyu a Kalifoniya, Don Mathes da Doug Spreng, suka fito da ƙa'idar da ta zama ginshiƙin fannin, wadda ya kamata mu ɗan tsaya a kanta, domin wanda bai fahimce ta ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ƙa'idar ita ce a auna umarni da lokaci. Akwatin yana fitar da jerin bugu na lantarki, kuma tazarar da ke tsakanin bugu da mai bi masa ita ce ke bayyana inda sanda take: idan sanda tana wannan iyaka tazarar kashi 1 ce cikin 1,000 na daƙiƙa, idan tana waccan iyaka kashi 2, idan kuwa tana tsakiya kashi 1.5. Ana jera tazarar maƙurar inji, da ta fukafukai, da ta wutsiya, ɗaya bayan ɗaya har zuwa kamar takwas, sa'an nan a yi shiru mai ɗan tsawo domin mai karɓa ya san an kai ƙarshen jimla, sai a sake daga farko, kimanin sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan tsari, wanda ma'abota fannin suke kira PPM, ba shi da wani sirri ko rufi, duk mai iya auna lokaci zai iya karanta shi, kuma a ganina wannan sauƙi nasa shi ne babbar falalarsa.

Da akwatuna suka soma magana da harshe ɗaya, sai masu ƙera su suka huda wata kafa a bayansu, aka sami igiyar waya da ke haɗa akwatin malami da na almajiri. Akwatin malami kaɗai ke aika saƙo sama. Muddin yana danne da wani maɓalli, umarnin almajiri ne ke wucewa, amma da ya hango ɓarna tafe sai ya ɗage yatsansa, linzami ya dawo hannunsa nan take, kamar yadda malamin allo yake dafa hannun yaro a kan alƙalami, ya sassauta in rubutu ya miƙe, ya riƙe in harafi zai karkace. Wannan ita ce kafar malami, kuma ba a yi ta domin kwamfuta ba ko kaɗan, illa dai abin da ke fita ta cikinta shi ne jerin bugun nan tsantsa, kafin a ɗora shi a kan igiyar rediyo.

Amma ba kowa ke samun malami ba, kuma da Bajamushe Dieter Schlüter ya yi nasarar tashin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a 1970, sai aka shiga wani babi mai tsananin wuya, domin wannan jirgi ba ya tsayawa daram da kansa ko na ƙiftawar ido, kuma kowace faɗuwa tana cin kuɗi masu nauyi. Saboda haka da kwamfutocin gida suka yaɗu a shekarun 1980, aka soma rubuta manhajojin kwaikwayon tashi, irin ta kamfanin Dave Brown a Amurka, da kuma Aerochopper da ake sa wa kwamfutar Atari, waɗanda suke zuwa da nasu akwatin mai kama da na gaske. Zanensu 'yan layuka ne kawai, amma sun tabbatar da hujja guda, watau cewa yatsu suna iya koyon ɗabi'ar jirgi ko da ido bai ga jirgi na haƙiƙa ba. A 1998 RealFlight ta fito da siffofi masu kyau, kuma a kusan wannan zamani Roman da Michael Möller suka saki tasu mai suna FMS kyauta, fisabilillahi, ga duk mai so.

A nan ne tambayar ta taso da ƙarfi: me zai hana mutum ya yi atisaye da akwatinsa na ainihi? Tambaya ce mai tushe, gama ilmin tuƙi ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake zama ba, yana zama ne a gaɓɓai, kuma taurin sanda, da tsawonta, da nauyin akwati a tafin hannu, da ko maƙura tana hagu kamar al'adar Amurkawa ko tana dama kamar yadda wasu ƙasashe suka saba, duk suna shiga cikin abin da hannu yake haddacewa. Sai masu himma suka waiwayi kafar malami. Wasu suka zura waya daga cikinta zuwa kafar na'urar buga takardu, wasu suka haɗa ɗan guntun lantarki mai ƙidaya tazarar bugu ya miƙa wa kwamfuta lissafin, kowa da nasa ijtihadin, ga kuma wahalar cewa kamfanin Futaba yana da nasa bakin kafa mai zagaye, daga baya mai kusurwa huɗu, kamfanin JR kuma yana amfani da irin bakin da ake sa wa abin sauraren kunne.

Dabarar da ta fi burge ni a wannan zango ita ce ta kafar makirufo. Wasu masu zurfin nazari sun lura cewa yawan bugun nan a daƙiƙa bai wuce na sautin da kunnen ɗan Adam yake ji ba, saboda haka sashen sauti na kowace kwamfuta zai iya ɗaukarsa tamkar murya. Aka rubuta manhaja mai suna SmartPropoPlus wadda take sauraren wannan ƙara, ta auna tazarorin, ta miƙa su ga wata manhajar da ke sa kwamfuta ta ɗauka sandar wasa ce aka jona mata. Da 'yar waya mai araha, ɗalibin da ba shi da halin sayen komai ya sami makaranta a ɗakinsa, sai dai a gargaɗe shi ya cire ɗan ƙarau mai fitar da igiyar rediyo, kada ya kaɗo jirgin wani da ke tashi a kusa, domin a lokacin mutum biyu ba sa iya tarayya a layi ɗaya cikin zangon 35 ko 72 megahaz.

Kafar USB, wadda ta bayyana a 1996, ita ce ta kashe wannan ruɗani sannu a hankali, aka riƙa sayar da ɗan maƙalli mai fassara PPM zuwa harshen da kowace kwamfuta take ji. Wasu kamfanoni sun mai da maƙallin nan makulli, manhajarsu ba ta buɗuwa sai da shi, abin da ya kare haƙƙinsu amma ya haifar da kasuwar jabu. Zuwan akwatin Spektrum DX6 a 2005 ya kai jiragen zangon 2.4 gigahaz, aka huta da karon zango, har aka sami maƙallai marasa waya. Sa'an nan akwatin Taranis na kamfanin FrSky ya fito a 2013, wanda manhajarsa ta OpenTX ta ba shi ikon gabatar da kansa ga kwamfuta kai tsaye a matsayin sandar wasa, ba tare da wani tafinta a tsakani ba. A yau masu tseren jirage marasa matuƙi suna shafe sa'o'i a kan manhajoji irin su Liftoff ko VelociDrone kafin su taɓa tashi a fili.

Duk da haka kwamfuta ta gaji kafar malami ne, ba ta gaji idonsa ba: ba ta duba ko an ɗaure fiffike daidai, ba ta jin canjin iska a fuska, ba ta kuma san fargabar da ke kama zuciya sa'ad da dukiyar mutum take rataye a sama. Saboda haka, ya kai mai sha'awar wannan fanni, ka jona akwatinka, ka daidaita sandunansa a cikin manhaja, ka yi ta maimaita sauka da jirgi yana fuskantarka har hannunka ya daina shawara da kai, amma ranar tashinka na farko ka nemi wanda ya riga ka sani ya tsaya kusa da kai da igiyarsa.