Tarihin Tŷ Mawr, Gidan Manoma a Ƙasar Wales

A wannan ɗan rubutu ina so in ba ku tarihin wani tsohon gida da ke ƙasar Wales, yamma da Ingila. Sunansa Tŷ Mawr, wato "babban gida" da harshen mutanen wurin, ko da yake wanda ya gan shi zai ce sunan ya fi ginin girma. Gidan manoma ne na dutse, a wani kwari da ake kira Wybrnant, kusa da ƙauyen Penmachno, cikin duwatsun arewacin ƙasar.

Da farko dai, wato a farkon ƙarni na 16, gidan falo ɗaya ne babba, babu bene. Manya-manyan itatuwa masu lanƙwasa ake kafawa biyu-biyu, su haɗu a sama su ɗauki rufin, kusan yadda bakan gizo yake ɗaukar rufin soro. A irin waɗannan gidaje a tsakar ɗaki ake hura wuta, hayaƙi kuwa sai ya nemi hanyarsa ta cikin rufi. Daga baya a cikin wannan ƙarnin sai aka sāke gina shi bisa sabon yayi na yankin: katanga mai kauri ta dutse, da bene, da murhu a jikin bango mai bututun fitar da hayaƙi. Wannan canji ba ƙarami ba ne, domin da hayaƙi ya sami mafita sai mutane suka sami ɗakunan kwana a sama.

To, me ya sa ake ji da wannan gida? A nan aka haifi William Morgan wajen shekarar 1545. Iyayensa manoma ne masu haya a gonakin iyalin Wynn na Gwydir. Ya tafi Jami'ar Kambirij a 1565, sa'an nan ya zama limamin coci a Llanrhaeadr-ym-Mochnant a 1578.

A lokacin nan harshen Welsh yana cikin wani hali. Dokar da ta haɗe Wales da Ingila a 1536 ta ce Turanci ne harshen kotu, kuma wanda ba ya jin Turanci ba zai riƙe muƙamin hukuma ba. Amma a 1563 majalisa ta ba da umurni a fassara Baibul zuwa harshen Welsh. William Salesbury ya fitar da Sabon Alkawari a 1567, sai dai salon rubutunsa ya yi wa talakawa wuya. Morgan ne ya fassara Tsohon Alkawari, ya gyara aikin Salesbury, aka buga littafin gaba ɗaya a Landan a 1588. Tun da ana karanta shi kowace Lahadi a ko'ina cikin ƙasar, sai ya zama ma'aunin daidaitaccen harshe ga marubuta. Morgan ya zama Bishop na Llandaff a 1595, na St Asaph a 1601, ya rasu a 1604.

Gidan kuwa ya ci gaba da zama na manoma har ya shiga hannun ƙungiyar National Trust a 1951. Ita ta gyara shi, ta mai da shi kusa da kamanninsa na dā a 1988, shekara 400 cif da buga littafin. Hukuma ta sa shi cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a canza ba da izini ba.

A ganina, darasin da ke nan shi ne darajar gini ba a tsawonsa take ba. Sarki Edward na Ɗaya ya gina manyan ganuwoyi a Conwy da Caernarfon domin ya danne mutanen Wales, amma abin da ya taimaki harshensu daga gidan haya ya fito. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum wajen 538,000 ne ke iya magana da harshen, wato ƙasa da kashi 1 cikin 5 na jama'ar ƙasar, saboda haka har yanzu da sauran rina a kaba. Duk yaron da aka kai wannan kwari zai ga inda aikin ya faro, ya san kuma ɗan manomi ne ya yi shi.