Ƙuri'a a Cikin Ambulan: Yadda Bradford Hill Ya Koya wa Likitoci Gane Sababi

Idan majinyaci ya sha magani ya warke, da me za a tabbatar cewa maganin ne ya warkar da shi, ba faɗuwa ce ta zo daidai da zama ba? Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, likitoci sun fi dogara da abin da idonsu ya gani da kuma maganar manyansu. Mutumin da ya sauya wannan al'ada a Birtaniya, Austin Bradford Hill, masanin ƙididdiga ne da bai taɓa zama likita ba.

An haife shi a Landan a 1897. Burinsa karatun likita, amma tarin fuka ya kama shi yana matuƙin jirgin saman soja a Yaƙin Duniya na Farko. Doguwar jinya ta sa ya karanta tattalin arziki daga gida, daga bisani ya shiga ƙididdigar lafiya. A 1937 ya wallafa littafin da ya koya wa likitoci da dama karanta alƙaluma.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu aka gano streptomycin, maganin farko da ya nuna alamar kashe ƙwayar tarin fuka. Abin da Birtaniya ta iya saya daga Amurka bai isa kowa ba, tilas wasu su rasa. Hill ya tsara cewa ƙuri'a ce za ta raba: ana sanya sakamakonta cikin ambulan a rufe, ba a buɗewa sai bayan an karɓi majinyaci cikin gwajin. Hikimar ita ce, likitan da aka bar wa zaɓi zai iya karkata ga waɗanda yake ganin za su rayu, sai magani ya sami yabon da ba nasa ba. Ƙuri'a kuwa ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. A rahoton 1948, cikin mutum 55 da suka sami maganin, 4 ne suka rasu a wata shida. Cikin 52 da aka bari a hutun gado kawai, 14 suka rasu.

Sai dai ba kowace tambaya ƙuri'a ke iya amsawa ba. Babu wanda zai umarci dubban mutane su sha taba shekara ashirin don gwaji. Da sankarar huhu ta yawaita, Hill da Richard Doll suka bi asibitoci 20 na Landan suna tambayar majinyata tarihin rayuwarsu. A 1950 suka bayyana cewa cikin maza 649 masu cutar, 2 kacal ne ba sa shan taba, alhali cikin maza 649 masu wasu cututtuka an sami 27. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambayoyi, kimanin 40,000 suka amsa, aka ci gaba da bibiyar mazan cikinsu har shekara hamsin. Rahoton 2004 ya nuna masu shan sigari suna rasa kimanin shekara goma na rayuwa.

Sukar da ta fi nauyi ta fito ne daga Ronald Fisher, gwarzon masana ƙididdiga na zamanin. Ya ce wataƙila wani gado ne a jini ke jawo sha'awar taba da sankarar baki ɗaya. A 1959 Jerome Cornfield da abokan aikinsa a Amurka suka mayar da martani da lissafi: idan haɗarin mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha sau tara, to dole wannan ɓoyayyen gado ya fi yawa a cikin masu sha da aƙalla ninki tara. Ba a taɓa samun gado mai irin wannan ƙarfi ba. A 1962 ƙungiyar manyan likitocin Landan ta amince cewa taba na haddasa cutar, hukumomin lafiya na Amurka suka biyo baya a 1964.

A wata lacca a 1965, Hill ya tara darasin cikin abubuwa tara da ya kamata a duba kafin a kira dangantaka sababi. Daga cikinsu akwai ƙarfin dangantakar, da maimaituwarta a wurare daban-daban, da zuwan abin zargi kafin cutar, da ƙaruwar haɗari gwargwadon yawan abin da aka sha. Ya yi kashedi cewa babu ɗayansu da ke zama hujja yankakkiya, kuma rashin cikar ilimi ba uzuri ba ne na jinkirta matakin da shaida ta wajabta.

Hill ya rasu a 1991, amma tsarinsa na nan a bakin aiki. A 2020, gwajin ƙuri'a da aka gudanar a asibitocin Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Gwajin nan dai shi ya nuna hydroxychloroquine, da aka yi ta rububinsa a lokacin, bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar a asibiti ba.