Tarihin Lakwaja, garin da kasuwa ta kafa a bakin Kwara

Da yawa cikinmu sun ratsa Lakwaja a kan hanyar kudu, amma kaɗan ne suka san cewa garin nan yana da hannu cikin shata iyakar da ta raba mu da danginmu na Katsina, Daura da Sakkwato.

Lakwaja tana wurin da Kwara, kogin nan da ya ratsa Yamai da Gaya, ya haɗu da Binuwai. A 1841 Ingilishi suka fara gwada kafa gona a wajen, sai zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka koma. A 1854 wani likita mai suna Baikie ya hau kogin da jirgi, yana ba mutanensa kinin, ba wanda ya mutu. Wajen 1860 ya zauna a Lakwaja ya buɗe kasuwa, a ƙarƙashin inuwar Masaba, Sarkin Nufe na Bida. A lokacin nan Nasara baƙo ne, da izinin sarki yake zaune. Baikie ya koyi Hausa, har ya je Kano a 1862.

Kasuwa ta jawo mutane: Nufawa, Yarbawa, Kakanda masu kwalekwale, bayin da aka 'yanta, da fatake Hausawa. Ana kawo hauren giwa da man kaɗe, ana karɓar gishiri, yadi da bindigogi. Shaidar zaman Hausawa tana nan cikin sarautar garin, wadda ake kira Maigari.

Amma baƙo idan ya daɗe, gida yake so. A 1879 Goldie ya haɗe kamfanonin Ingilishi na kogin suka zama ɗaya. A 1884 ya saye kamfanonin Faransa da ke gasa da shi, a 1886 kuma gwamnatin Ingila ta ba shi takardar izinin mulki. Kamfanin ya sa haraji mai nauyi, ya toshe wa ƙananan 'yan kasuwa hanya, ya kafa sojojinsa. A 1897 ya ci Bida da yaƙi, gidan da ya ba Baikie masauki.

To, ga inda abin ya shafe mu. Kamfanin ya ce ya ƙulla yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu a 1885. Da wannan hujja Ingila da Faransa suka ja layi a takarda a 1890, daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da sun tambayi sarki ko talaka ba. Aka gyara layin a 1898, da 1904, da 1906, domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Haka iyaka ta tsaya kusa da inda take yau.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya karɓi mulki daga kamfanin a Lakwaja. Daga nan garin ya fara ja da baya. An kai hedkwata Zunguru a 1902. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kaya suka bar ruwa suka bi dogo zuwa Ikko. Gujiyar Maraɗi da Damagaram ma ta wannan hanyar ta riƙa fita shekaru da yawa. Sai a 1991, da aka yi jihar Kogi, Lakwaja ta sake zama babban birni.

Dattawanmu sun ga irin wannan a gida: zangunan da suka cika da ayari suka bushe ranar da hanyar mota ta bi wani wuri. Shi ya sa duk lokacin da ƙungiyarmu ta zauna kan maganar hanya da kasuwar garinmu, muna roƙon kowa ya zo, na nesa kuma ya aiko da shawararsa. Allah ya bar zumunci.