Taunar haƙora cikin barci: yara, manya da batun ƙarfen gyaran haƙora

Taunar haƙora ita ce mutum ya riƙa gurza haƙoran sama da na ƙasa, ko ya datse su da ƙarfi, ba tare da ya sani ba. Yawanci wanda suke kwana ɗaki ɗaya ne yake fara jin ƙarar.

A yara abin ya zama ruwan dare, kuma galibi yana wucewa da kansa bayan famfara, wadda take farawa wajen shekara 6 ta kammala wajen 12. Iyaye da yawa suna ɗora laifin a kan tsutsar ciki, amma hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne numfashin yaro: idan yana minshari ko barci baki buɗe, mai yiwuwa ƙulluwan maƙogwaronsa ne suka kumbura. Wannan aikin likita ne, cire beli wurin wanzami ba ya maganinsa.

Kada a haɗa wannan da taune-taune. Yaron da haƙoransa suka datse, ga zazzaɓi, ga jijjiga ko sandarewar jiki, a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya da shi babban asibitin Karaye ko na Rogo.

A manya, damuwa da ƙarancin barci ne kan gaba, sai sigari da yawan goro, shayi ko kofi da dare. Alamominta su ne ciwon muƙamuƙi da na gefen kai da safe, haƙora su cinye, ruwan sanyi ya riƙa tsira su. Likitan haƙori yana iya auna bakinka ya yi maka robar da ake sawa lokacin barci. Tana kare haƙora, ko da taunar ba ta daina ba.

Shi kuwa ƙarfen gyaran haƙora, aikinsa daidaita jerin haƙora ne. A da an ɗauka karkacewarsu ce take jawo taunar, yanzu an gane daga ƙwaƙwalwa take tasowa yayin barci. Don haka kada a kashe kuɗi a sa ƙarfe da niyyar maganinta. Mai buƙatarsa saboda wani dalili, sai a tura shi Kano, sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ya gaya wa likita tun farko cewa yana taunar haƙora.